Muhawara a kan “put off”: ɗagewa ce kawai, ko da sauran magana?

Aminu (Ngawundare):
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman ƙarin haske a kan “put off”, domin na ci karo da shi a jimloli uku cikin darasinmu na Ingilishi, kuma ma'anar da na haddace tun ina lise (makarantar sakandare), wato ɗage abu zuwa wani lokaci, ba ta zauna daidai ba sai a guda ɗaya. Ta farko ita ce “The match was put off until Sunday”, wadda ba ta ba ni wahala ba. Ta biyu ita ce “The smell put me off my food”, ta uku kuma “Don't talk, you are putting him off”. Idan ɗagewa ce, ta yaya wari zai ɗage mutum, kuma zuwa yaushe? Ina kuma son in san ko akwai bambanci tsakaninsa da “postpone”, ko kuwa mutum zai iya ɗaukar duk wanda ya fi masa sauƙi.

Malam Sa'idu (Garwa):
Wa alaikumus salam, Aminu. Wannan aikatau yana cikin waɗanda suke tafe da ɗan rakiya, wato ƙaramar kalma irin su “off”, “up” ko “out”, wadda idan ta biyo aikatau sai ma'anarsa ta sauya. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, kafin su tambayi ma'anar “put off”, su fara duba abin da aikin ya faɗa a kansa, shin abu ne ko mutum. Idan taro ne, ko tafiya, ko biki, ko wasa, to ɗagewa ake nufi, kamar a jimlarka ta farko. Idan kuwa mutum ne, sau da yawa an bar maganar lokaci an koma maganar zuciya da hankali. A jimla ta biyu warin ne ya sa abincin ya fita a ran mai magana, har ya janye hannunsa daga kwano. A ta uku surutu ne yake ɗauke wa wani hankali daga abin da ya sa a gaba. Masu kallon ƙwallo sun san wannan ma'ana ta uku ko da ba su san kalmar ba, domin mai tsaron gida da yake tsalle a kan layi yana kaɗa hannuwa kafin a buga fenareti, ba abin da yake nema sai ya rikita mai bugawa, kuma masu sharhin wasa da Ingilishi sukan ce yana ƙoƙarin “to put him off”.

Ta fuskar nahawu akwai wuraren da ɗalibai suke yawan tuntuɓe. Idan karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, suna ne, kana da zaɓi, ka ce “put off the meeting” ko “put the meeting off”, duk daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya, sai a ce “put it off”, ba a cewa “put off it”. Idan wani aikatau ne ya biyo baya, sai ya ɗauki “ing” a ƙarshensa, a ce “She put off going to the market”, ba “put off to go” ba, kuma wannan kuskure na ƙarshe daga Faransanci yake tasowa, inda aikatau na biyu yake zuwa a siffarsa ta asali. Sannan “put” ba ya sauya kama a shuɗaɗɗen lokaci, saboda haka “putted off” da nake gani a takardun yara babu shi.

Alhaji Ɗanjuma (Marwa):
Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake saye da sayarwa, kuma yawancin Ingilishin da nake ji a Mubi da Yola na tsince shi. A masaukan da nake sauka a can, akan liƙa takarda a bayan ƙofa an rubuta “Please put off the light and fan before going out”, kuma mai gadi yakan ce ƙarfe kaza za a yi “put off” na janareta. A iya sanina ke nan ma'anarsa kashewa ce, kuma ban ga ka ambace ta ba. Shin mantawa ka yi, ko kuwa duk masu masaukan nan ba su iya ba?

Malam Sa'idu (Garwa):
Ban manta ba, Alhaji, da gangan na bar ta. A daidaitaccen Ingilishin da ake jarrabawa da shi, fitilar lantarki da fanka da janareta “turn off” ko “switch off” ake yi musu, wutar itace da kyandir da taba kuma “put out”. Mutane sun ga ana cewa “put on the light”, sai suka ɗauka kishiyarsa dole “put off” ce, kamar yadda yaro yake cewa “put off your shoes” don ya ji ana cewa “put on your shoes”, alhali “take off” ake faɗa. Idan ɗalibi ya rubuta mini haka a takardar shirin bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, jan biro zan ja masa.

Malama Hadiza (Yawunde):
Malam Sa'idu, na yarda da jan biron a ɗakin jarrabawa, amma ban yarda a ce wa Alhaji masu masaukin nan ba su iya ba. Aikina fassara ne tsakanin Faransanci da Ingilishi, kuma abokan aikina 'yan Bamenda da Buya, a yankin Kamaru mai amfani da Ingilishi, waɗanda suka yi karatunsu kaf da Ingilishi har suka ci jarrabawar GCE, suna cewa “put off the light” ba tare da wani ya ɗaga kai ba. Haka ake faɗa a Najeriya da Gana, kuma a Sikotilan ma ana jin “put the light off” a bakin 'yan ƙasa. Maganar takalmi kuwa tsohon Ingilishi ne tsantsa, domin a fassarar Baibul ta shekarar 1611, inda aka umarci Annabi Musa ya tuɓe takalmansa, “put off thy shoes” aka rubuta. Harshen ne ya bar wannan ma'ana a baya ya koma “take off”. Saboda haka abin da ya dace a gaya wa ɗalibi shi ne, wannan amfani ne na yanki, ana fahimtarsa daga Legas har Bamenda, amma ba a sa shi a takardar jarrabawa ko wasiƙar ofis.

Game da tambayar Aminu ta biyu, ni ina ganin a nan ne maganar ta fi nauyi, domin kalmomin da ƙamus yake jerawa a matsayin masu ma'ana ɗaya ba sa zama a gurbin juna a kowane wuri. “Postpone” ita ce ta takarda da sanarwa, ba ta nuna ko wanda ya ɗage abin yana so ko ba ya so. Asalinta Latin ne, kuma idan aka warware ta, “ajiye a baya” take nufi, wato kusan abin da “put off” ko “put back” yake faɗa da kalmomin gida. “Adjourn” ta zaman da aka riga aka fara ce, kamar kotu ko majalisa, a tashi da niyyar dawowa, shi ya sa ba a yin ta ga bikin aure da ba a soma ba. “Defer” ta fi zama a kan biyan kuɗi, ko yanke shawara, ko gurbin karatu da ɗalibi ya nemi a ajiye masa zuwa baɗi. “Suspend” dakatarwa ce, sau da yawa ba tare da an sa ranar ci gaba ba. “Delay” kuma yawanci makara ce da ta auka wa abu ba da son kowa ba. Idan ruwan sama ya tsare motar Garwa a hanya har ta iso da dare, “The bus was delayed” za a ce, amma idan masu motar ne suka zauna suka mayar da tafiyar gobe, a nan ne “put off” zai shigo.

Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da tarkuna biyu a wannan wuri, kuma ina ganinsu a takardun da ake kawo mini gyara kusan kullum. Na farko shi ne “reporter”, wanda yake nufin ɗagewa a Faransanci, sai mutum ya rubuta “The meeting has been reported to Monday”, alhali a Ingilishi “report” kai rahoto ne ko kai ƙara, mai karatu ya rasa wane ne wannan Litinin da aka kai wa rahoton taro. Na biyu shi ne “délai”, wanda yake nufin wa'adi, amma mutum ya mayar da shi “delay”, sai ya rubuta wa abokin ciniki cewa ya ba shi “a delay of ten days”, yana nufin wa'adin kwana goma.

Malam Bashir (Kusiri):
Na karanta bayanan nan duka, kuma su ne ma suka ƙara mini ƙarfin ra'ayin da nake da shi tun da daɗewa, cewa bai kamata a ɗora wa yaranmu irin wannan aikatau ba. Yaron da yake magana da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa a gida, yake karatu da Faransanci, kuma Ingilishi bai samu ba sai 'yan sa'o'i a mako, me zai sa a ba shi kalma ɗaya mai fuska huɗu, wadda har malamai biyu suke jayayya a kan ta biyar? A ba shi “postpone” don ɗagewa, “discourage” don sanyaya gwiwa, “disgust” don ƙyama, “distract” don ɗauke hankali. Uku daga cikinsu ma ya san 'yan uwansu a Faransanci, ba zai sha wahalar haddace su ba, kuma babu mai gyaran jarrabawa da zai rage masa maki don ya rubuta “postpone”.

Usman (Garwa):
Kafin malamai su amsa wa Malam Bashir, ina son a bambance mini “put off” da “call off”, kuma zan kawo misalin da duk mutumin Garwa ya sani. Gasar cin kofin Afirka ta 2019 Kamaru aka ba, sai hukumar ƙwallon Afirka ta karɓe ta a watan Nuwamba na 2018, daga baya aka yi ta a Masar. Ta 2021 kuma cutar korona ta sa ba a yi ta ba sai daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairu na 2022, lokacin da muka ga Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Rumde Ajiya. Wanne ne “put off” a cikin biyun, wanne ne “call off”?

Malam Sa'idu (Garwa):
Usman, ta 2021 ita ce aka yi wa “put off”, domin lokaci kawai aka matsar, har sunan shekarar ma ba a sauya ba, kamar yadda aka yi wa wasannin Olamfik na Tokyo na 2020 da aka gudanar a 2021. Ta 2019 kuwa ba ta shiga ko ɗaya ba, tun da an yi gasar a shekararta, wuri ne aka sauya, sai a ce “it was moved to Egypt”. “Call off” sokewa ce ɗungurungum, daidai da “cancel”, kamar wasannin Olamfik na 1940 da na 1944 da yaƙin duniya na biyu ya hana. Mu ma a Hausa ba ma haɗa an ɗage biki da an fasa biki, kuma duk wanda ya taɓa kai saƙon ɗaya a maimakon ɗayan gidan surukai ya san nisan da ke tsakaninsu. Idan kuma aka jawo abu ya zo kafin ranar da aka sa, “bring forward” ake cewa.

Malam Bashir, ina fahimtar tausayin da kake wa yara, amma shawararka ta rufe ƙofa ɗaya ta bar ɗaya a buɗe. Ɗalibi yana da ikon zaɓen kalmar da zai rubuta, amma ba shi da ikon zaɓen wadda za a faɗa masa, kuma masu harshen a hirarsu ta yau da kullum irin waɗannan gajerun kalmomi suka fi amfani da su. Dalilin yana cikin tarihi. Bayan da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka mamaye fada da kotu da rubutu, su kuma kalmomin asali suka ci gaba da zama a gida da kasuwa, shi ya sa har yau ake samun tagwaye, ɗaya ta takarda ɗaya ta baki. Yaranmu suna ɗaukar ta takardar cikin sauƙi saboda Faransanci, sai su fito suna iya karanta sanarwar gwamnati amma hirar direba ɗan Bamenda ta gagare su. Ga shi kuma tsarin mulkin ƙasar nan tamu Kamaru ya ba Faransanci da Ingilishi matsayi ɗaya, yaron Kusiri yana iya tsintar kansa yana aiki a Limbe.

Malama Zainab (Njamena):
Ina goyon bayan Malam Sa'idu da abin da na gani da idona. Mu a Cadi Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, amma duk mai aiki da ƙungiyoyin agaji ba ya rabuwa da saƙonnin Ingilishi. An taɓa aiko mana da takardar neman tallafi mai shafuka da yawa, a saman saƙon an rubuta “Please don't be put off by the length of the form”. Wani abokin aikinmu, wanda Ingilishinsa na rubutu ba shi da laifi ko kaɗan, ya san “put off” da ma'anar jinkiri kawai, sai ya fahimci ana gargaɗinmu ne kada mu makara. Ya hana kowa tashi, aka kawo shayi da burodi, aka kwana ana cike shafuka da hasken fitilar waya bayan an ɗauke wuta, da asuba aka tura. Washegari matar da ta aiko ta amsa cikin mamaki, ta ce akwai sauran makonni, ita dai lallashinmu take yi kada tsawon takardar ya sanyaya mana gwiwa. Da ta rubuta “discouraged” da ya gane nan take, amma ba ta rubuta ba, kuma ba za ta tambaye mu wadda muka haddace kafin ta yi rubutu ba.

Malama Hadiza (Yawunde):
Akwai kuma abin da jerin Malam Bashir ba zai iya ɗauka ba ko a wajen rubutu. “Put off” yakan zo da ƙanshin jan ƙafa, wato mutum ya san ya kamata ya yi abu amma ransa ba ya so. Idan mutum ya ce “I keep putting off going to the hospital”, yana faɗa ne cewa kullum sai ya ce gobe, saboda tsoro ko kasala. Idan ya ce “I postponed my visit”, sai ka ɗauka wani uzuri ne ya taso ya sauya rana. Kalmar takarda da ta fi kusa da wannan ita ce “procrastinate”, wadda a cikinta akwai kalmar Latin mai nufin gobe, amma ita yawanci ba ta ɗaukar karɓau, ba za ka ce “procrastinate the visit” ba, kuma tana da nauyi a baki. Haka nan “disgust” ta fi “put off” zafi nesa ba kusa ba. Idan na ce halin wani mai shago “put me off”, ina nufin ya sa na fasa saye a wurinsa, ba wai ya sa ni tashin zuciya ba. Daga nan ne aka samo sifar “off-putting”, ga abin da yake kore mutum a hankali, kamar fuska a murtuke ko amsa a daƙile.

Sai wata ma'ana kuma, wadda ban ga an taɓo ba, kuma ita ce ta fi shafar Alhaji. Idan karɓau mutum ne amma maganar alkawari ce ko bashi, “put someone off” yana nufin a yi ta yi masa je-ka-ka-dawo. Saboda haka jimlar “I put him off” ita kaɗai tana iya nufin na ɗage haɗuwata da shi, ko na sa ya ji ba ya so, ko na rikita shi, kuma abin da ya biyo baya ne yake raba gardama. Idan ka ga “until Friday”, maganar lokaci ce. Idan ka ga suna ko aikatau mai “ing” ya biyo “off” kai tsaye, kamar “put him off driving”, to abin ne ya fita a ransa.

Malam Bashir (Kusiri):
Labarin Malama Zainab ya nuna cewa dole yaro ya gane kalmar idan ya ji ta, kuma wannan ban musa ba. Inda nake tsaye shi ne, ganewa dabam, tilasta masa ya yi amfani da ita dabam. Mu da muke cewa ci bashi, ci amana, ci gaba, ci kasuwa, ba a allo muka koye su ba, a tsakar gida muka ji su har suka zauna, kuma Bafulatanin da ya koyi Hausa da girma yakan daɗe yana kauce musu kafin ya saki jiki. A bar yaro ya rubuta “postpone” har kunnensa ya cika. Abin da nake ƙi shi ne jerin aikatau hamsin da ake rubuta wa yara a allo, kowanne da fassararsa ɗaya a gefe, a ce su haddace kafin Litinin.

Malam Sa'idu (Garwa):
A kan jerin hamsin ɗin nan ba mu da saɓani, Malam Bashir, domin irinsa ne ya ba Aminu ma'ana ɗaya ya hana shi uku. Ni aikatau ɗaya nake ɗauka a mako, in kawo shi cikin cikakkun jimloli, in sa yara su ja layi a ƙarƙashin karɓau su faɗi ko abu ne ko mutum. Amma ina sa su rubuta nasu, domin na lura wanda bai taɓa rubuta “put it off” da hannunsa ba, ko ya gane shi a karatu, ranar da bakinsa ya buɗe “put off it” zai ce.

Alhaji Ɗanjuma (Marwa):
Malama Hadiza, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Akwai wanda ya karɓi buhunan albasa a hannuna tun kafin azumi, ba ya jin Hausa sosai, Faransanci kuma ko kaɗan, kuma duk ranar da na kira sai ya ce mako mai zuwa. Idan na rubuta masa “Stop postponing me”, ya yi?

Malama Hadiza (Yawunde):
Bai yi ba, Alhaji, domin “postpone” ba ya faɗa wa mutum, taro ko biya ake yi wa shi. Abin da za ka rubuta shi ne “Please stop putting me off”, ka ga wakilin sunan ya shiga tsakiya kamar yadda Malam Sa'idu ya faɗa, kuma “putting” da “t” biyu ake rubuta shi. Sai dai ka sani jimlar tana ɗauke da zargi, tana gaya masa ka gane yawo yake yi da hankalinka. Idan kana son ka bar ƙofar ciniki a buɗe, ka ɗora maganar a kan kuɗin maimakon a kansa, ka ce “The payment cannot be put off any longer”, sannan ka sa masa rana da adadin sefa a jimla ta gaba.